Me Ke Ruɓar da Albasar Furen Giladiyolas? Tambayoyi da Amsoshi Daga Wani Lambu a Sakkwato

Tun da masu kwalliyar biki da masu son ado a tsakar gida suka fara neman giladiyolas a garin nan, ƙorafin da ya fi zuwa wurina ɗaya ne: na sayi iri da tsada, na shuka, ya ruɓe. Wasu a lambu suke iske ni, wasu su turo hoto ta waya. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa, na amsa su gwargwadon abin da na karanta da abin da hannuna ya taɓa.

Ga wanda bai san shi ba, giladiyolas shi ne furen nan mai dogon kara, wanda furanninsa ke jeruwa daga ƙasa zuwa sama, ganyensa kamar takobi. Sunan ma daga kalmar takobi ta harshen Latin ya fito. Yawancin danginsa 'yan Afirka ne, musamman kudancinta, kuma akwai na daji a ƙasar Hausa da ake kira rumana. Wanda muke shukawa don ado an daɗe ana haɗa iri da iri a Turai har ya yi manyan furanni, amma ba shi da jimirin ɗan'uwansa na daji.

Wai da gaske albasa ce a gindinsa?

Albasa muke ce mata don ta yi kama, amma in ka raba ta biyu ba za ka ga ɓawo bisa ɓawo ba. Cikinta a dunƙule yake, fari, kamar gwaza. Kuma ba ta shekara biyu. Wadda ka binne ita ke ciyar da tsiron har ta tsotse, sabuwa ta fito a samanta, ga kuma ƙananan 'ya'ya kewaye da gindi kamar gujiya. A nan matsalar take: uwar da ke ɗauke da cuta a manne take da sabuwar har ranar haƙa, don haka cutar ba ta da wata tafiya mai nisa da za ta yi. Haka take bin iri shekara da shekaru, daga hannu zuwa hannu.

Malam, yaya zan gane mai cuta tun kafin in biya kuɗi?

Kada ki yarda da kyan ɓawo, Hajiya. Busasshen ɓawon nan mai ruwan ƙasa yana rufe abubuwa da yawa. Ki nemi izinin mai kaya ki ɗaga ɓawon guda biyu ko uku. Mai lafiya tana da nauyi a hannu, tana da tauri in kin matsa da babban yatsa, fatarta sumul. Ki juya ta ki duba gindi, wurin da saiwa ke fitowa, domin ruɓa mafi muni daga nan take farawa. In kin ga tabo mai ruwan ƙasa da ya lotsa ciki, ko baƙaƙen ɗigo, ko fumfuna, ko kin ji ta sakayau kamar busasshen goro, ki ajiye. Ki kuma sansana. Ƙamshin busasshiyar ƙasa ne na mai lafiya, warin ɗaki mai danshi kuwa alama ce.

In mai sayarwa ya hana a ɗaga ɓawo, ni dai ba na saye.

Nawa ya tsiro lafiya, sai ganye ya fara rawaya, wani ma ya lanƙwashe gefe guda. Mene ne wannan?

Mafi yawan lokaci Fusariyam ce, kuma ita ce babbar abokiyar gabar wannan fure a duk inda ake shuka shi, balle a ƙasa mai zafi irin tamu. Wani nau'in fumfuna ne da ido ba ya gani, yana zaune cikin ƙasa ko cikin albasar kanta. Yana shiga ta saiwa ko ta gindi, ya bi jijiyoyin da ke kai ruwa sama ya toshe su. Shi ya sa za ka ga ƙasa a jiƙe amma tsiro yana yin kamar mai ƙishirwa. Rawayar daga tsinin tsofaffin ganye take farawa ta gangaro. In ɓangare ɗaya na albasar ne ya kamu, sai wancan ɓangaren ya daina girma, ɗayan ya ci gaba, tsiron ya fito a lanƙwashe kamar lauje.

Ka tone guda ɗaya ka gani da idonka. Saiwoyin sun yi duhu, wasu sun narke. Ka raba albasar da wuƙa daga sama zuwa ƙasa: za ka tarar da tsakiyarta ta koma ruwan ƙasa, da zane-zane masu duhu da suka bazu daga cibiya zuwa gefe. Wata kuwa a waje tabon yake, mai zobe-zobe, kuma a wurin ajiya ta ci gaba da bushewa har ta ƙanƙance ta yi tauri.

Abubuwa biyu ne suka sa nake tsoronta fiye da sauran. Na farko, tana iya ɓuya cikin albasar da ke da kyan gani, ba ta bayyana sai ƙasa ta yi ɗumi. Na biyu, in ta shiga ƙasa tana yin wasu ƙwayoyi masu kaurin fata da ke jure fari, su zauna shekaru suna jira. Tsiron da ya riga ya yi rawaya ba shi da magani. Ka tumɓuke shi har da ƙasar da ke jikin saiwarsa, ka fitar daga lambun, kada ka jira ka ga ko zai farfaɗo, domin jiran nan maƙwabtansa zai ci.

Ita kaɗai ce ke ruɓar da ita?

A'a, akwai wasu, kuma kowace da irin tabonta.

Akwai busasshiyar ruɓa, wadda masana ke kira Sitiromatiniya. Wuyan tsiron daidai bakin ƙasa yake ruɓewa ya zama zare-zare, in ka duba da kyau ka ga ƙananan baƙaƙen ɗigo kamar an barbaɗa masoro. A jikin albasa kuwa ƙananan tabo ne ja-ja da ke komawa baƙi, sukan bi layin da ɓawo ke manne. Waɗannan ɗigon su ne irin cutar, kuma suna iya kai shekara 10 a ƙasa da ransu. Ta fi son sanyi da danshi.

Akwai ƙazuwa, wadda ba fumfuna ke kawo ta ba, bakteriya ce. Tabonta zagayayye ne, ya lotsa kamar ƙaramin faranti, bakinsa ya ɗan ɗago, yana sheƙi kamar an shafa ƙaro. Ba ta cika shiga can ciki ba, har kana iya ɓamɓare tabon da farce. Raunin da tsutsar ƙasa da wasu ƙananan ƙwari farare ke yi wa albasa shi ke buɗe mata ƙofa.

Kurbulariya ita ce ta damina. Zafi da laima take so. Tana fara yi wa ganye tabo mai siffar ƙwai, tsakiyarsa ruwan ƙasa, bakinsa duhu, daga baya ta sauka ta yi wa albasa baƙin tabo, ta fi kuma kashe ƙananan 'ya'ya.

Sai Botiritis, mai toka-tokar fumfuna, da ke mayar da cikin albasa kamar soso. Ita sanyi da raɓa da doguwar laima take buƙata, don haka a lambunan Sakkwato ba ta da ƙarfi. Inda nake ganinta shi ne cikin irin da aka kawo daga wurare masu sanyi, ya riga ya kamu tun daga can. Ta ƙarshe, Fenisiliyam, shuɗiyar fumfuna mai kore-kore irin wadda ke fitowa a jikin lemo, cutar ɗakin ajiya ce, zan zo kanta.

Cutar da ke ruɓar mana da albasar miya ce ke kama shi? Zan iya shuka shi inda na cire albasa?

Mutumin Sakkwato ba a koya masa ruɓar albasa. Duk wanda ya taɓa buɗe rudun ajiyar albasa bayan wata uku a Wurno ko Goronyo ko Kwalkwalawa ya san yadda kai ɗaya ke ɓata na kusa da shi. Cututtukan 'yan'uwan juna ne amma ba ɗaya ba ne. Fusariyam da ke ruɓar da gindin albasar miya wani reshe ne daban, kowane reshe da shukar da ya ƙware a kanta. Haka ma bakteriyar ƙazuwa, danginta ne ke sa cikin albasar miya ya yi santsi ya sulluɓe. Saboda haka albasar miya ba ita ce babban hatsari ba. Hatsarin shi ne giladiyolas bayan giladiyolas a wuri ɗaya.

Duk da haka ba na ba da shawarar a bi sawun albasa kai tsaye, saboda wani dalili: filin albasa yawanci laka ne mai riƙe ruwa, an ɗura masa taki, kuma ƙwarin da ke cin gindin albasa ba sa ƙin wannan. In ƙasar ta ruɓar da waccan, yanayinta zai ruɓar da wannan.

Abin da na fi amfana da shi daga manoman albasa shi ne idonsu. Wani dattijo da muke maƙwabtaka a fadama ya taɓa ɗaukar ɗaya daga cikin irina, ya juya ta, ya danna gindin da farce, ya ce, "Ɗana, wagga ba ta da lahiya, hidda ta." Ni ban ga komai ba. Na ce, "Baba, ai garas take." Ya miƙo min wuƙarsa. Da na raba, tsakiyar ta riga ta yi duhu. Bai taɓa shuka fure ba a rayuwarsa.

Wane lokaci ya fi dacewa da shuka a nan?

Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, in ruwa ya ɗauke kuma zafin ƙasa ya fara sauka. Yana yin fure cikin kwana 70 zuwa 100, gwargwadon iri da girman albasa, ka ga ke nan furen zai faɗo cikin hunturu, lokacin da dare ke da sanyi kuma iska a bushe take. Wanda ya shuka a Fabrairu ya kai tsironsa cikin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, dole ya yawaita ban ruwa, kuma zafi da ruwa tare su ne abincin Fusariyam. Wanda ya shuka a Yuli kuwa ya haɗa shi da ruwan Agusta da Kurbulariya.

Na yi masa fangali kamar na albasa, ina cika shi da ruwa. Akwai laifi?

Akwai, kuma wannan kuskuren ya fi kowanne yawa a wurinmu, domin hannunmu ya saba da fangali. Giladiyolas ba ya son ya kwana cikin ruwa. Ka yi masa kunya mai tudu, ka binne albasar a zurfin santimita 10 zuwa 15, tsakanin ɗaya da ɗaya ma kamar haka, ruwa ya bi kwari ya jiƙa daga gefe. In ƙasarka laka ce, ka haɗa da yashin rafi sosai. Ƙasar jigawa mai sakin ruwa ta fi masa fadama mai danƙo. Ka yi ban ruwa da safe, ka bar saman ƙasa ya sha iska kafin ka sake, kuma kada ka riƙa watsa wa ganye ruwa da yamma ya kwana a jiƙe.

Game da taki: ɗanyen kashin shanu ko na kaji kada ya taɓa albasar. Sai wanda ya ruɓe ya huce ya koma ƙasa. Yuriya ma a yi hankali da ita. Tana sa ganye ya yi kore shar, ran mai lambu ya yi daɗi, amma yawanta yana sa albasa ta yi taushi, kuma an daɗe da sanin yana ƙara wa Fusariyam ƙarfi. Ɗan takin zamani na NPK kaɗan a gefen kunya bayan ganye ya fito ya wadatar.

A tukunya ko bokiti ma hukuncin ɗaya ne: a huda gindi, kada a ɗora bisa faranti mai tara ruwa.

In gefe ɗaya ne ya ruɓe, ba zan iya yanke wurin in shuka sauran ba?

In ƙazuwa ce guda ɗaya ko biyu a sama-sama, za ta iya tsira, amma a shuka ta ita kaɗai a tukunya, nesa da sauran. In tabon daga gindi yake ko ya kai tsakiya, a'a. Cutar ta wuce inda ido ke gani.

Yaushe zan haƙa, kuma me zan yi bayan haƙa?

Bayan yanke fure ka bar ganye a jiki, aƙalla guda huɗu, domin su ke ciyar da sabuwar albasa. Ka ba ta mako 6 zuwa 8, kana rage ruwa a hankali, ka yanke ruwan gaba ɗaya a makon ƙarshe don a haƙa cikin busasshiyar ƙasa. Kada ka bar ta a ƙasa har ganye ya mutu murus wai don ta ƙara girma. Kowane mako da ta ƙara cikin ƙasa mai zafi, dama ce ga cuta.

Ka saka magirbi ko shebur daga nesa ka ɗago ƙasar, kada ka finciko da ganye. Duk wadda ƙarfe ya sara ka ware ta. Ka yanke kara kusa da kai, ka baza su bisa tabarma ko raga a inuwa mai iska, ba cikin zafin ranar Maris ba, don ranar nan dafa su za ta yi. Mako 2 zuwa 3 sun isa. Alamar sun sha iska ita ce tsohuwar uwar da ke ƙasa ta ɓalle da ɗan murɗawa, ta bar tabo mai tsabta. In sai ka yi da ƙarfi, lokaci bai yi ba. Ka zubar da uwar, ka ware 'ya'yan daban, ka bar ɓawon a jiki, ka ƙara musu kwana biyu ko uku wurin ya warke.

A wannan mataki Allah Ya yi mana gata. Busasshiyar iskar da mutanen Turai ke kashe kuɗi su samar a ɗaki, mu kyauta muke samunta.

To ajiya fa? A nan nawa suke lalacewa kullum.

Nan ne wahalarmu take, ba zan ɓoye ba. Wanda ya haƙa a Maris sai Oktoba zai sake shuka, wata bakwai ke nan, kuma cikinsu akwai bazara da damina baki ɗaya. Abin da albasar ke so shi ne sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 7, da iska mai kewayawa, ba laima. Sanyin yana rage wa cuta gudu, yana kuma taimaka mata ta farka daga barcin da take yi bayan haƙa, ta tsiro daidai da sauran.

Mai tsayayyar wuta, ko mai sola, ya sa su cikin jakar takarda a aljihun kayan lambu na firij. Ban da wurin ƙanƙara. Kada kuma a haɗa su da tuffa ko ayaba ko tumatir, domin 'ya'yan itace masu nuna suna fitar da wata iska da ke cutar da su. Amma firij ɗin da ke samun wuta awa uku ya rasa awa goma ya fi rashinsa illa. Duk lokacin da sanyinsa ya tafi, gumi ke kwanciya a jikin albasa, kuma gumin nan shi Fenisiliyam ke jira ta shiga ta kowane ƙarce.

Na ga wannan a kaina. Wata shekara na haƙa iri mai kyau, ja mai farin baki, wanda na yi shekara biyu ina tara 'ya'yansa. Na ƙulle su cikin leda don kada su ɗauki warin abinci, na sa a firij, wuta kuma tana zuwa tana tafiya. A Yuli na buɗe. Cikin ledar ya yi raɓa, albasun sun manne da juna da shuɗiyar fumfuna, in na taɓa sai ƙura ta tashi. Guda kaɗan na tsira da su. Har yau in na tuna launin furen nan raina yana sosuwa.

Wanda ba shi da tabbacin wuta ya bi hanyar manoman albasa: ɗakin ƙasa mafi sanyi a gidan, ba mai rufin kwano ba, a zuba su cikin buhun raga kaɗan-kaɗan a rataye, ko a jera su ɗaiɗai bisa gadon kara, kada wata ta hau wata. Kada a sa su kusa da randa, ko cikin tukunyar sanyi mai jiƙaƙƙen yashi; sanyin yana da kyau amma laimar ta fi ƙarfinsu. A duba su duk mako biyu, a damina duk mako, a fitar da duk wadda ta yi taushi ko tabo. Za a yi asarar wasu, wasu kuma za su fara tsiro kafin lokaci. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, gara ya riƙa sayen sabon iri kowace shekara da ya ajiye mai cuta ya zuba wa lambunsa.

A lura da ƙananan ƙwarin nan sirara, irin masu shan ganyen albasa har ya yi fari. Suna ɓuya ƙarƙashin ɓawo su bi albasa har ɗakin ajiya, su kankare fatarta ta yi kaushi da ruwan ƙasa.

Babu maganin da za a jiƙa su ciki?

Akwai, amma rigakafi ne, ba ya tayar da ruɓaɓɓiya. Shagunan kayan noma suna da maganin fumfuna irin su mankozeb da kabendazim. Ana tsoma lafiyayyen iri kafin shuka, bisa awon da ke rubuce a jikin kwalin, da safar hannu, a shanya a inuwa. Yana kashe abin da ke saman fata, ba ya kaiwa ga wanda ya ɓuya a cibiya. Wasu suna barbaɗa garin farar wuta kafin ajiya, yana taimakawa. Toka kuwa tana tsotse danshi, amma ban ɗauke ta magani ba.

Manyan masu noman iri suna tsabtace ƙananan 'ya'ya da ruwan zafi, wajen digiri 55 zuwa 57 na minti 30. 'Ya'ya kawai, waɗanda ke cikin barci sosai, ba manyan albasu ba. Tazarar da ke tsakanin kashe cuta da kashe iri 'yar kaɗan ce, don haka wanda ba shi da ma'aunin zafi kada ya gwada da yatsa.

Wuƙa da almakashi da kwandunan ajiya a wanke su da ruwan bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 9. Mutane suna raina wannan, alhali wuƙar da ta raba mai cuta ita ce za ta yanke fure goma a bayanta.

Ƙasar lambuna ta riga ta kamu. In bar wurin ke nan?

Ka bar giladiyolas a wurin, ba lambun ba. Shekara 3 zuwa 4 ka shuka wani abu, masara ko gero ko alayyahu ko wasu furanni da ba danginsa ba. In busasshiyar ruɓa ce, ya fi haka daɗewa.

Ranar bazara da muke kuka da ita tana da amfani a nan. A Afrilu ka kaftu wurin, ka farfasa hoge, ka jiƙa shi sosai, ka shimfiɗa farar leda mai nuna abin da ke ƙarƙashinta, ba baƙa ba, ka danne gefunan da ƙasa kada iska ta shiga. Ka bar shi mako 4 zuwa 6. Zafin da ke taruwa yana kashe kaso mai yawa na ƙwayoyin cuta da irin ciyawa a saman ƙasa. Ba ya kaiwa can ƙasa, don haka bayan ka yaye ledar kada ka yi kaftu mai zurfi ka juyo na ƙasa sama. Ka kuma duba hanyar ruwanka: in yana ratsa wurin da ya kamu kafin ya isa sabuwar kunya, ka sauya masa hanya.

Waɗanda suka ruɓe, in zuba wa awaki ko in sa cikin taki?

Ko ɗaya. Albasar giladiyolas ba abinci ba ce, tana da guba ga dabbobi irin su doki da kare da kyanwa, kuma a ɗauke ta daga inda yara ke wasa ko inda mai girki za ta iya ɗauka a zaton ta miya ce. A ramin taki kuwa ƙwayoyin cutar ba sa mutuwa, za su dawo lambun tare da takin. A tara su da busasshen ganyensu da tsofaffin uwayen a ƙone.